Lambar Jiya

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yau kwana biyu ke nan Manaja tana asibiti. Jikata ce, watanta goma da haihuwa. Ni na sa mata wannan suna, domin na yi shekara talatin da huɗu ina aiki a ƙarƙashin manajoji, ban taɓa gamuwa da wanda ya kai ta iya ba da umarni ba. Yatsa ɗaya take ɗagawa in miƙe, duk da gwiwoyin nan nawa.

Uwarta, 'yata Auta, ita kaɗai ta rage mini a duniya. A masana'antar sabulu take aiki. Kullum ƙarfe bakwai na safe take hawo mini da yarinyar hawa na biyu, ƙarfe shida da rabi na yamma ta zo ta ɗauke ta. Ran Lahadi su wuni a nan su biyun. Mijin yana aiki a ƙetare, murya ce kawai a waya.

Yau ma ƙarfe shida na tashi. Na dafa ruwa, na shimfiɗa bargonta a tsakiyar ɗaki, na tura kujera ta tare ƙofar kicin don kada ta rarrafa wajen risho. Sai da na gama duka na tuna.

Sun ce kada in riƙa zuwa kullum, wai cutar tana kayar da tsofaffi kamar yadda take kayar da jarirai. Cutar numfashi ce, likitoci suna kiranta da haruffa uku, RSV. A jikin babba mura ce kawai. A jikin ƙaramin yaro takan sauka ƙirji ta toshe ƙananan hanyoyin iska.

Katin yana hannun Sista. Ba zan yi maganar kati yau ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Bas biyu, sannan doguwar baranda mai warin maganin goge ƙasa. A bayan gilashi aka tsayar da ni. Auta ta ce, "Ga ta can, gado na uku." Na ce na gan ta. Na dai ji ƙarar injin da ke hura mata iska, ya hura, ya tsaya, ya hura.

Bari in rubuta yadda aka fara, ko kaina zai huta.

Wata uku da suka wuce, a wurin awon jarirai, wata ma'aikaciyar jinya ta tare Auta, ta ce ana gwajin sabuwar allurar rigakafin wannan cuta, ana neman yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Auta ta ce sai ta tambayi babanta. Matar ta biyo ta har nan. Ita ce Sista, doguwa, mai saurin magana, da jaka shuɗiya a kafaɗa. Ta zauna a kujerar marigayiya matata ta karanta mana takarda mai shafi tara, ni kuwa ina riƙe da tawa ina gyaɗa kai. Allura biyu, wata biyu a tsakani. Rabin yaran za a yi musu ta gaske, rabi ruwan gishiri, kuma daga uwa har Sista har likita ba wanda zai san wadda aka yi wa wane. An rufe sunayen cikin ambulan a wani ofis mai nisa.

Auta ta ce, "Wato caca za a yi da 'yata?"

Na ce ba caca ba ce, haka ake gane gaskiyar magani. Na ce da ba a gwada allurar ƙyanda a kan 'ya'yan wasu ba, da ke kanki ba ki kai yau ba. Har na jawo mata karin maganar abin da babba ya hango. Ta sa hannu.

Bayan kowace allura akan ba da kati da ma'aunin zafin jiki. Kowace yamma, har kwana bakwai, a sa ma'aunin a hammatar yaro, a rubuta lambar a gurbinta. In ta kai talatin da takwas, a buga lambar wayar da ke bayan katin, su turo mota ko da wane lokaci ne. Auta ta ce, "Wannan aikin Baba ne, shi ne ɗan boko." Aka bar kati da ma'auni a wurina.

Ran Litinin ta makon jiya aka yi mata ta biyu. Litinin ɗin nan da sassafe leɓɓanta suka yi shuɗi, ƙirjinta yana lotsawa ciki da kowane numfashi. Auta ta wuce da ita asibiti da takalmi wari da wari a ƙafarta.

Yau a baranda muka gamu da Sista. Ta ce, "Baba, da duk iyaye irinka ne, da tuni na yi ƙiba. Kati fes, ba gurbi ko ɗaya da aka tsallake, rubutu kamar na inji. Har Likita na nuna wa."

Auta ba ta yi dariya ba. Da Sista ta wuce ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Allurarsu ce. Yarinya lafiyarta lau har ran Lahadi, kai da kanka ka auna."

Na ce a bari a ji ta bakin likitoci.

Ta ce, "Kai ka ce in sa hannu, Baba."

Na ce haka ne.

Wannan laifin ba shi da nauyi. Na ɗauko shi har gida ban ko huta a hanya ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na sake shimfiɗa bargon.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sauka sayen burodi. Telan da ke ƙasan benenmu ya ƙwala mini kira.

"Malam Akawu! Zo nan, ina da ƙara a kanka."

"Ƙarar me kuma?"

"Jiya ka zo wucewa ka tsaya ka gaida mutum-mutumin da nake rataya riga a ƙofar shago, har da 'yaya iyali', ni kuwa ina zaune ko kallo ban samu ba. Da me ya fi ni?"

Na ce, "Ya fi ka iya shiru, kuma bai taɓa ɓata mini wando ba."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya tsayar da keken, ya rage murya. "Amma tsakani da Allah, Malam, yanar nan ta idonka ta yi kauri. Aikin rabin awa ne yanzu. Surukata aka yi wa, yau ita ke zura mini zare a allura. Auta ta sani?"

Na ce ba abin da ke damun idona sai ganin fuskarsa.

Ya ce, "To, Allah ya ba Manaja lafiya. Ƙasan nan ya yi shiru, ba mai jefo mini cokali ta taga."

Auta ba ta sani ba. A farkon shekara, ranar da na zuba gishiri a shayi, ta ce, "Baba, in idon nan ya ƙara lalacewa ka gaya mini, in kai ta gidan raino. Ba zan ɗora maka wahala ba." Da alheri ta faɗa. Ba ta san yadda ɗakin nan yake ba kafin a haifi Manaja. Bayan rasuwar matata na taɓa yin kwana tara ban yi magana da kowa ba. Da mai karanta mita ya ƙwanƙwasa ƙofa na buɗe baki in amsa masa, sai muryar ta ƙi fita.

Littafin nan ma da alƙalami mai kauri nake rubuta shi. Hannu ya san hanyarsa. Abin da na rubuta jiya ba na iya karanta shi yau. Wataƙila shi ya sa nake iya rubutawa.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe uku na rana

Tun safe tunanin wurin aiki ya dame ni, ban san dalili ba.

Ina da shekara goma sha tara aka ɗauke ni akawun awo a gidan ruwa. Ma'aunai shida ne a ɗakin injuna, kowanne da fuska kamar ta agogo. Sau uku a rana in zaga in karanta su, in rubuta a babban littafi mai jan bango. Babban akawu, wanda ya koya mini aiki, gajere ne, kullum da rula a hannunsa. A makon farko ma'auni na huɗu ya maƙale, na bar gurbinsa fari. Ya sauke mini rula a yatsu.

"Gurbi fari shaidar rago ne," in ji shi. "In sufeto ya zo ba ruwa yake dubawa ba, littafi yake dubawa."

Na ce, "To me zan rubuta, ranka ya daɗe? Ma'aunin ya mutu."

Ya ce, "Lambar jiya. Ruwan jiya da na yau duk ruwa ne. Sai dai ka ɗan motsa ta sama ko ƙasa, don kada ta yi kama da 'yar uwarta."

Haka muka riƙa yi, dukanmu. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, gyara muke ce masa. In ma'auni ya lalace, in ruwan sama ya hana fita, in mutum ya makara, sai lambar jiya. Shekara talatin da huɗu, ba gurbi fari ko ɗaya a littafina. Ranar da na yi ritaya aka ba ni agogon bango da takardar yabo, ga su can a rataye. Kuma garin bai taɓa rasa ruwa saboda wannan ba. Ko sau ɗaya. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Auta ta bugo da rana. An ƙara wa yarinyar iska. Ba ta ce in zo ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Likitan da ke kula da gwajin ya aiko a kira ni. Ofis ƙarami, fanka tana kuka, takardu har kan kujerar baƙo, sai da ya kwashe na zauna. Muryarsa ta mutumin da ya kwana biyu bai ga gadonsa ba.

Ya ce, "Baba, an dakatar da gwajin. Yara ɗari huɗu da 'yan kai, a asibitoci biyar. Ba wanda za a ƙara yi wa allura sai an gane abin da ya sami jikarka."

Na ce ai yaro ɗaya ne ya yi ciwo.

Ya ce, "Ba ciwon ne ya tsorata mu ba, saurinsa ne. Cutar nan da tafiyarta. Mura, tari, zazzaɓi kwana biyu ko uku, sannan ta sauka ƙirji. Katinka ya nuna jiki lafiya ƙalau har yammacin Lahadi, kafin gari ya waye huhu ya cika. Ba ta saba haka ba."

Ya ba ni labari cewa tun kafin a haife shi an taɓa gwada wata allura a kan wannan cuta, sai ta juya. Yaran da aka yi wa suka fi waɗanda ba a yi wa ba jin jiki da cutar ta zo, har aka rasa wasu. "Tun daga nan duk mai wannan aiki da ido ɗaya yake barci. In allurar nan ce ke sa cutar yin tsalle haka, gara a binne ta yau."

Ya tambaye ni ko na lura da wani abu a makon. Na ce 'yar mura ran Alhamis. Ya ce zafin jiki fa? Na ce yana kati.

Ban yi ƙarya ba. Yana kati.

A waje mata ne jere a benci da yaransu, sun zo allura ta biyu an ce su koma. Na zauna a ƙarshen bencin in huta da ƙafa. Wata tana cewa, "Ku gode wa Allah da aka tsaya. An ce guba ce, wata yarinya tana can ciki ana hura mata iska." Ta kusa da ni ta ce, "Ke dai bari. Cutar nan ce ta ɗauke mini na fari yana wata huɗu, a hannuna. Na kawo wannan a ƙarasa masa kafin sanyi ya shigo, sun ce in je gida in jira. In jira me?" Yaron nata ya kamo sandata yana ja. Ta ce, "Sake wa Baba sandarsa, ɓarawo. Baba, kai ma jika ka kawo?"

Na ce hanya na ɓata.

A bas na kama kaina ina fatan allurar ce. Ina fatan a buɗe ambulan a ga ta gaske aka yi mata, a ce ita ce, a binne ta, tare da yara ɗari huɗun da matar nan da ɗanta mai jan sanda. Na rubuta ne don in san irin mutumin da ke zaune a ɗakin nan.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba canji. Shayi kawai na sha. Ma'aunin yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin wasiƙu. Sau uku na ɗauko shi yau na mayar.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sista ta zo da hantsi. Yau ba ta saurin magana.

Ta ce, "Baba, ma'aunin na zo karɓa. Ana zargin ko lalatacce na ba ku. In haka ne ni ce a ciki, don ni na sa hannu cewa na gwada shi."

Na ɗauko na ba ta. Ta danna, ya yi ɗan kukansa. Sai ta kafa masa ido. Na ji agogon yabo yana tafiya a bango.

"Baba, ka san wannan yana riƙe awon ƙarshe da aka yi da shi?"

Na ce ban sani ba. A zamaninmu ma'auni ba ya tuna komai.

Ta kama hannuna ta kai ni bakin taga, ta sa mini shi a tafi. "Karanta mini."

Ɗan gilashi ne bai fi farce ba, ruwan toka a kan ruwan toka. Na kawo shi kusa, na kai shi nesa, na karkata shi wajen haske. Na ce, "Talatin da bakwai."

Ta ce, "Talatin da tara da ɗigo huɗu."

Ta koma ta zauna a kujerar marigayiya, jakar a cinyarta.

"Tun yaushe?"

Na ce katin farko na iya, da gilashin ƙara girman rubutu, a bakin tagar nan. Wannan karon ko lamba ɗaya ban gani ba.

"To lambobin nan shida daga ina suka fito?"

"Ke kika auna ta ranar farko a asibiti, kika faɗa da baki, kika rubuta. Daga nan na ɗauko. Na riƙa ɗan motsa ta."

Ta yi salati a hankali. Ta ce, "Ni ma da nawa. Na zauna a kujerar nan na karanta muku shafi tara, ban taɓa ce maka karanta mini layi ɗaya ba. Rubutunka ne ya rufe mini ido." Ta sa ma'aunin a jaka ta ja zif. "Yau zan kai rahoto, yara ɗari huɗu suna jira. Gobe bayan azahar Likita zai zauna da Auta. Gara ta ji daga bakinka kafin nan."

Na ce, "'Yata, ba za a iya cewa ma'aunin ne ya lalace ba?"

Na san abin da nake roƙo. Ita ta gaya mini da bakinta wanda zai faɗa ciki in an ce haka. Ta daɗe tana kallona, ko dai na ji a jikina tana kallona.

Ta ce, "A'a, Baba."

Da za ta fita ta gyara mini maɓallin riga, na sa shi a ramin da ba nasa ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Saura abin da ban gaya wa Sista ba.

Ma'aunin yana da kuka iri biyu. Kullum sau ɗaya yake yi, a hankali. Ran Juma'ar makon allurar ya yi da sauri, a jere, kamar tsuntsun da aka taka. Na gaya wa kaina batir ne ya yi sanyi. Ran Asabar ya sake. Ran Lahadi ya sake.

Kuma ina da hannu. Ido ne ya tafi, hannu yana nan. Na ɗauke ta, na ji kanta a wuyana. Ta ƙi cin abinci, ta ƙi jefa cokali, ta kwanta a ƙirjina tana numfashi da ɗan kurari. Na ce a raina in na buga waya za su zo, za su ce nawa ka gani, za su miƙo mini ma'aunin a gaban Auta. Na ce bari gobe, yara sukan yi zafi su huce. Ruwan jiya da na yau duk ruwa ne.

Na zauna na rubuta talatin da shida da ɗigo tara, na ja wa taran wutsiya yadda aka koya mana.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na same ta a bencin da ke bayan ɗakin yara, kusa da famfo, tana cin burodi busasshe. Ta matsa mini na zauna. Ta ce, "Ka karya kuwa? Dubi yadda ka koma." Ta gutsuro ta miƙo mini.

Na ce, "Auta, ba na gani."

"Me ne ba ka gani?"

"Lambobin. Tun allura ta biyu. Abin da ke katin nan ni na ƙaga shi."

Famfon yana ɗiga. Wani ya wuce da keken marasa lafiya mai kukan ƙafa.

Ta ce, "Ran Juma'a. Ran Juma'a na ce maka jikinta kamar garwashi."

"Kin faɗa."

"Ka ce haƙori ne. Ka ce ka auna."

"Na faɗa."

"Ran Asabar wayar tana hannuna. Na juya katin, na fara danna lambar. Ka ce kada in tayar da mutane a banza su ɗauke mu jahilai." Muryarta ba ta tashi ba. "Na ƙaryata tafin hannuna saboda rubutunka. Kwana uku ina goye da wuta ina ce wa kaina Baba ya auna."

Sannan ta tambaye ni:

"Don me?"

Na ce, "Kin ce za ki kai ta gidan raino."

Ta yi wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinta ba. "Wato don kada ka zauna kai kaɗai."

"E."

"To ga ta can ita kaɗai. Kwana goma sha ɗaya ko ɗaukarta ba a bari na yi ba. Kuma ka bar ni ina zagin Sista a fuskarta, ina ce mata mai kashe 'ya'yan mutane."

Ta tashi. Burodin ya faɗi ƙasa. Na ji takunta har ya ɓace a baranda. Da ma ta yi ihu.

Kafin in taho na tsaya ƙofar Likita, na tambaye shi abu ɗaya: da an kawo ta tun Juma'a fa? Ya ce, "Ba zan ce maka da ba ta kwanta ba, Baba. Cutar nan ba a kashe ta, yaro ake tallafa wa har ta wuce. Amma da mun fara tallafar tun tana da ƙarfinta." Bai ƙara ba, bai rage ba. Da shi ne akawun gidan ruwa, da ya sha rula.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban shimfiɗa bargon ba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Waya ba ta yi ƙara ba. Na sauka na ba tela ya duba mini ko a kashe take. Ya ce a kunne take. Bai yi mini tsiya ba yau, har na so ya yi.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Sista ce ta bugo, ba Auta ba. An cire wa Manaja injin. Tana numfashi da kanta. Ta sha nono da safe, ta fizge tiyon hancinta ta yar.

Na ajiye wayar na zauna a ƙasa, a inda bargon yake zama. Na daɗe kafin in iya tashi.

Ta sake bugowa, ta ce ba ta gama ba. Za a ci gaba da gwajin ran Litinin. Daga yanzu ba wanda za a ba kati sai ya karanta ma'auni a gaban ma'aikaciya, kuma an ƙara layi a ƙasan katin: in ba ka auna ba, ka bar gurbin haka. Na tambaye ta matar nan mai yaro mai jan sanda. Ta ce mata da yawa ba za su dawo ba, maganar guba ta riga ta zaga, ba ta san ko tana cikinsu ba.

Na ce, "To wacce aka yi wa tawa, ta gaske ko ruwan gishiri?"

Ta ce masu ambulan sun duba, sun ce a ci gaba, iyakar abin da suke faɗa ke nan. Iyaye sai an kammala gwajin, nan da shekara biyu.

Shekarata saba'in da tara. Lissafin ba wuya.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An sallame su tun ran Alhamis. A bakin tela na ji.

Yau Auta ta zo ita kaɗai, ta bar yarinyar wurin maƙwabciya. Ta gaishe ni daga tsaye. Ta ɗauko buhu ta shiga zuba kaya: bargon, kofi mai hannu biyu, 'yar kujera, kayan sawa da ke kan igiya tun ranar. Na tambaye ta jikin Manaja. Ta ce da sauƙi, sai dai tari, kuma ta rame. Ta sami gidan raino kusa da masana'anta, ran Litinin za ta fara.

Na ce ya yi kyau.

Ta ciro wata takarda ta liƙa a bango, ƙarƙashin takardar yabo. Manyan baƙaƙe, kowanne ya kai tafin hannu, har ni na karanta: LARABA, ƘARFE TARA, ASIBITIN IDO.

"Tela zai raka ka. Na yi magana da shi."

"Ke fa?"

"Ina da aiki."

Tun da ta shigo ba ta ce Baba ba. Na ƙirga.

Ta saɓa buhun. A bakin ƙofa na ce, "Gobe Lahadi. Za ki kawo ta?"

Ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ƙofa. Na ɗauka za ta ce in Allah ya so, yadda ake sallamar tsoho. Ta ce, "Ban sani ba."

Da na zo share ɗaki tsintsiya ta ci karo da cokalin Manaja a ƙarƙashin kujera, wanda take jefa wa tela. Ban san ko mantuwa Auta ta yi ba, ko ba ta gan shi ba, ko bari ta yi.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ƙarfe goma sukan zo. Na wanke cokalin. Na tare ƙofar kicin da kujera. Na bar ƙofar waje a buɗe don in ji matakala.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Lokacin awo.

Ba su zo ba. Hannuna ya so ya rubuta cewa bas ce ta yi wuya, ko tarin ne ya hana, ko sai Lahadi mai zuwa. Na riƙe shi.

Ban san dalili ba. Na bar gurbin fari.